Ranar da Baba Ya Zama Biyu

Mai gyaran fanka ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce ka jawo benci ka zauna tukuna, don bayanin da tsawo. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni. Na-Iya kowa ke ce masa, saboda ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ba, tun daga cire haƙori har tuƙin jirgin sama, da bai bugi ƙirji ya ce ya iya ba. Shi ne ya gyara wa mai aski agogon bango, agogon ya koma tafiya da baya, ya ce masa ya gode wa Allah, duk layin shi kaɗai ne kullum yake ƙara yarinta.

Wata Laraba mai gwangwan ya tsaya da baronsa a ƙofar shagon yana neman matattun injina. Na-Iya na tona tarkacen sai hannunsa ya faɗa kan wata 'yar jakar fata da ta sha duniya. Ya ɓalle ta, sai ga tsohuwar kyamara, ƙarfe zalla, sanyi ƙalau, nauyinta kamar dutsen guga. Gefunanta sun goge har jan ƙarfen ciki ya leƙo. Ba gidan batir, ba allo, sai ido ɗaya a gaba da 'yan tagogi a sama. Ya ba da ƙonannun injinan fanka biyu, ya rataya ta a wuya, nan take har takunsa ya canza.

"Kun san mece ce wannan?" ya tambayi mai aski da mai faci, maƙwabtansa na dama da na hagu. "Irinta masu kuɗin duniya suke bi gari-gari suna nema. In sun samu sai su sa ta a kabad ɗin gilashi, ba a taɓa ta sai da safar hannu."

"To me ya kawo ta baron gwangwan?" in ji mai faci.

"Mai ita take nema. Ga shi ta same shi."

Da a nan abin ya tsaya, da ba wanda zai ji ciwo. Sai dai a wannan makon ne surukinsa, Baba, ɗan shekara tamanin da takwas, ya kira 'ya'yansa tara da mazansu da matansu da jikoki, mutum arba'in da ɗaya har da shi kansa, ya ce ranar Asabar yana son ya gan su a tsakar gidansa da ke nan layin, tsallaken shagon Na-Iya. Rabon da su haɗu gaba ɗaya shekara goma sha huɗu. Babbar Yaya, 'yarsa ta fari, wadda ke aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, kwana uku kawai ta samu, kuma ƙarfe huɗu na yammacin Asabar ɗin dole ta bar gidan ko jirgi ya tafi ya bar ta. Buƙatar Baba ɗaya ce tak.

"Hoto nake so, mu duka," ya ce. "Na takarda, wanda zan riƙe a hannuna, ba wanda ake shafawa da yatsa ya gudu ba. Ban san ko zan sake ganinku wuri ɗaya ba."

An riga an yi magana da wani mai ɗaukar hoton taro. Na-Iya ya kira shi a ɓoye ya ce an fasa. Da Auta ta ji, wato matarsa, ƙaramar 'yar Baba, sai ta ajiye tsintsiya ta dafe ƙugu.

"Maigida, ka taɓa ɗaukar hoto da irin wannan abin?"

"Kin taɓa ganin abin da na kasa?"

"Injin markaɗena."

"Wuta ce ta zo da ƙarfi."

"Ba wuta ranar."

"To kin gani, ba laifina ba ne."

Fim ne kawai ya rage. A can ƙasan layi akwai wani tsohon mai hoto da yanzu ba ya ɗaukar komai sai na fasfo. Da Na-Iya ya ɗora kyamarar a kan kantarsa, tsohon ya goge hannuwansa a riga kafin ya ɗauke ta. Ya shinshina jakar fatar. Ya ja 'yar sandar da ke sama da babban yatsa, ya kai ta kunne, ya danna. Ƙyas.

"Ka ji?" ya ce. "Kamar kyanwa ta taka auduga. Da irinta na fara sana'a. Ana ɗaukar mutum da ita bai ma san an ɗauke shi ba."

Ya buɗe firij, bayan robar ruwa, ya zaro fim ɗaya da ya rage masa, mai hoto talatin da shida. Ya sa shi a ciki da kansa, ya rufe.

"Zauna in nuna maka yadda ake saita idon, domin ita wannan..."

"Dattijo, ni da na kwance fanka dubu? Duk abin da ke juyawa ɗan gidana ne." Ya fizgi kyamararsa ya yi waje.

Ranar Asabar ƙarfe biyu, bayan an ci an sha, Na-Iya ya fito tsakar gida da hular rana da bahon wanki.

"Kowa ya jefo wayarsa nan. Fim ba ya shiri da sabis. Waya ɗaya ta yi ƙara, duk sai ku fito da kunnuwan zomo."

Babbar Yaya ta dube shi ta saman tabarau. "Wa ya gaya maka wannan shirmen?"

Amma Baba, wanda tun safe yake magana da ƙeyar jikokinsa suna duƙe a kan waya, ya ce, "Wannan magana ce. A tara." Karo na farko ke nan cikin shekara goma sha bakwai da Baba ya goyi bayan mijin Autarsa. Na-Iya ya ji kansa ya kumbura har hular ta matse shi. Ya kulle bahon a sito, ya jefa makullin a aljihu.

Aka jera mutane. Baba a tsakiya a kan babbar kujerarsa mai hannu, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, manya a baya, yara a ƙasa. Na-Iya ya kai 'yar tagar ido, ya ga kowa tar, ya shiga dannawa. Ƙyas, ƙyas, har sau shida, yana durƙusawa yana miƙewa kamar mai kama kaza.

Auta ta yi masa raɗa daga cikin layi. "Maigida. Murfin."

Ya juyo da kyamarar. Idonta na rufe ruf da murfinsa. Ita irin wannan kyamarar tagar leƙenta daban, idon ɗaukarta daban, sai ka yi ta ganin duniya ta taga alhali ido na barci.

"Na sani," ya ce, yana cusa murfin a aljihu. "Ana fara ɗumama ta ne a rufe, kamar mota da safe."

Ya sake leƙawa, wannan karon a tsanake. A tsakiyar tagar akwai wani ɗan fili mai ruwan ɗorawa, bai fi farcen yatsa ba. Da ya ɗora shi a kan fuskar Baba sai ya sauke kyamarar, ya murje ido, ya sake ɗagawa.

"Baba, a daina motsi."

"Ni da gwiwoyin nan? Rabona da motsi tun safe."

"To ka zama biyu."

"Na zama me?"

"Biyu. Hula biyu, hanci biyu, sanda biyu."

"Mu dai Baba ɗaya muka sani," in ji Babbar Yaya, "kuma ya ishe mu."

Ya juya kanta. "Ke ma biyu ce, Yaya."

Yara suka fashe da dariya. Mijin Yaya ya ce Allah ya kiyaye, sannan ya yi kamar tari ne ya sarƙe shi.

"Ko zoben nan na jikin idon ake murɗawa?" in ji Auta.

Na-Iya ya kama zoben ya murɗa. Ko gezau. Ya sa ƙarfi, ya ƙi.

"A ɗaure aka ƙera shi. Waɗanda suka yi ta ba yara ba ne."

Don ya samu abin yi da fuskarsa sai ya ɗaga kyamarar sama, ɗan filin ya faɗa kan dogon ƙarfen sabis da ke can bayan gari. Ƙarfen ɗaya ne cak. Ya dawo kan Baba, biyu. Ya koma kan ƙarfe, ɗaya.

"Na gano!" ya daka tsalle. "Kyamarar manya ce, ba ta son a matse mata. Daga nesa take gani. Ku tsaya yadda kuke."

Ya fara ja da baya, ido a taga. Taku biyar, taku takwas, a na tara ya zauna daram cikin bahon wanke-wanke, kwanoni suka tarwatse, ruwan kumfa ya yi sama. Ko a cikin bahon bai sauke kyamarar ba.

"Hancin sun ɗan matso kusa da juna," ya sanar daga ciki. "Gidan ne ya yi kaɗan. A fita waje."

Aka fita ƙofar gida. Ya tsallaka titi, wandonsa na ɗiga, ya jingina da bangon mai faci. Baba har yanzu biyu ne, sai dai sun fara gaisawa da juna.

"Saura kamar taku talatin."

"Bayanka bango ne," in ji mai faci. "Kuma nawa ne. Kada ka ce za ka gyara shi."

Mafita ɗaya ce, a bi tsawon layin. Shi ya tsaya a saman layi wajen mahaɗar hanya, iyali su gangara ƙasa. Jikoki huɗu majiya ƙarfi suka ɗaga Baba da kujerarsa, mutum talatin da biyar na biye cikin kayan ado, aka kama hanya. Wata maƙwabciya ta leƙo daga bene.

"Subhanallahi! Jikin ne ya tashi?"

"Hoto za a ɗauke mu," in ji Auta, kanta a ƙasa.

"To ina mai hoton?"

"Ga shi can baya."

"Kuma ku kuna gudunsa?"

Aka ajiye Baba a gaban kantin kayan masarufi. Na-Iya ya leƙa, ya kaɗa hannu a ƙara gaba. Aka ajiye shi a gaban mai wankin kaya. A ƙara gaba. Kafin ƙarfe uku muryarsa ta daina isa, sai mai aski ya bar wani mutum da rabin kai a aske, ya tsaya a tsakiyar layi yana isar da saƙo.

"Ya ce ku ƙara taku goma!"

Baba ya ɗaga sanda ya yi wata doguwar magana.

"Me Baba ya ce?" Na-Iya ya ƙwala daga sama.

"Ya ce yana gaishe ka! Har da iyayenka da kakanninka, amma ba zan iya maimaita yadda ya jero su ba!"

"Ce masa na gode! Ya ɗan ɗaga haɓa!"

Zuwa lokacin layin ya cika. Duk wanda ya ji ana hoto sai ya gyara wuyan riga ya shiga sahu. Mai kanti ya shiga, mai wankin kaya ya shiga da dutsen gugarsa, mutumin nan mai rabin aski ya tsaya ta gefen da aka gama. Wani baƙo da ya zo tambayar hanya ya tsinci kansa riƙe da jaririn da bai san na wane ne ba. Motoci suka yi layi ta sama da ta ƙasa, oda na tashi kamar ana biyan direbobi su danna.

"Ƙarfe uku da kwata!" Babbar Yaya ta yi ihu da kanta, ba ta bi ta kan mai aski ba. "In jirgin nan ya tafi ya bar ni, wallahi a gidanku zan tare!"

Wannan kam Na-Iya ya ji shi ba tare da ɗan aike ba, gumi ya keto masa. Ga shi kuma kawunan 'yan kallo da rufin motoci sun tare masa gani. Sai ya waiga ya ga tankar ruwa a bayansa, ta maƙale a bakin layi. Ya kama tsaninta ya haye can ƙoli, ya buɗe ƙafafu a kan murfin tankin.

Daga nan komai ya fito. Iyalin sun isa ƙarshen layi. Baba biyu ne har yanzu, amma saura ƙiris, kamar kaurin ashana tsakaninsu.

Direban tankar bai san ya yi fasinja ba. Ya gaji da jira, ya tofar da tsinken bakinsa, ya sa ribas. Tankar ta fara ja da baya, ta tsallaka mahaɗa, ta miƙe hanyar da ke fuskantar layin. Na-Iya ya yi tangal-tangal, ya zube a gwiwa, ido na nan a taga. A hankali Baba na hagu ya shige cikin Baba na dama.

"Sun haɗe! Sun haɗe! Direba, riƙe haka! Ku yi murmushi!"

Ba wanda ya ji shi. Ya shiga ja yana dannawa, ƙyas, ƙyas, ƙyas, iyalin na ƙara ƙanƙancewa, daga girman kaji suka koma girman ƙudaje, daga ƙudaje suka koma ƙwayar barkono. Shi kuwa murna yake yi, don bai taɓa ganin mutane sun haɗe da kyau haka ba. Tankar ta juya kai ta hau babban titi, ta faɗa rami, murfin ya ɗaga, ruwa ya yi masa wanka na biyu. Duk wayoyin unguwa sun ɗauki Na-Iya a kan tanka yana ɗaga hula. Ba wanda ya tuna da Baba.

Huɗu saura ashirin mai faci ya dawo da shi a bayan keke, a jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya. Ya tarar da iyalin a inda layin ya ƙare, daidai ƙofar tsohon mai hoto, wanda ya fito da laima ya riƙa wa Baba. Yara uku na kuka, kwalliyar mata ta narke, ba wanda ke magana da kowa.

"An gama!" Na-Iya ya diro daga keke. "Aiki ya yi kyau. Sai dai ku yi haƙuri, in za ku kalli hoton ku zo da tabarau."

"Daga ina ka ɗauka?" tsohon mai hoto ya tambaya.

"Na ƙarshen dai daga wajen gidan mai."

Tsohon ya miƙa hannu, ba wasa a fuskarsa. Ya share ruwan da ke jikin kyamarar da gefen rigarsa, ya duba ɗan agogon da ke ƙirga hotuna.

"Talatin da biyar. Saura ɗaya." Ya kai yatsa gindin zoben nan da ya ƙi motsi, inda wani ɗan maɓalli yake kamar kan ashana. Ya danna shi. Zoben ya juya sumul kamar an shafa masa mai. "Makulli ne. Yana riƙe idon a kan nesa don kada ya yi ta yawo a jaka. Zo ka leƙa."

Na-Iya ya leƙa. Babbar Yaya na tsaye taku biyar a gabansa, su biyu, duk suna harararsa. Tsohon ya murɗa zoben kaɗan, suka haɗe suka zama ɗaya.

"Ɗayar ma ta isa," Na-Iya ya ce a hankali.

"Ido ake murɗawa, ɗana. Ba mutane ake kora ba."

"Ai ni na sassauta shi tun ɗazu. Kai ƙarasawa kawai ka yi."

"Rufe mana baki!" in ji Yaya. Ta juya kan taron kamar ta shiga ɗakin marasa lafiya ta tarar ana rawa. "Duk wanda Baba bai haifa ba, bai haifi uwarsa ko ubansa ba, kuma bai ba shi 'ya ko ɗa ba, ya fita daga sahun nan kafin in ƙirga uku!"

Kafin ta kai biyu an watse. Baƙon nan ya miƙa jaririn ga matar da ta fi kusa, ya kama gabansa bai tambayi hanyar ba. Aka cusa Na-Iya a bayan jikan da ya fi kowa tsawo. Tsohon mai hoto ya ja taku shida, ya murɗa zobe, ya jira har Baba ya gyara hula ya ɗora hannu a kan na Yaya. Ƙyas.

"Shi ke nan. Kun shiga, ku arba'in da ɗaya."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya share ido da bakin hannun riga ya ce rana ce. Aka zaro makullin sito daga aljihun Na-Iya, aka ruga gida, kowa ya wawuri waya da jaka. Huɗu daidai motar Yaya ta wuce, sauran motoci na bin ta, ana ɗaga wa Baba hannu ta taga. Masu ɗaukar kujera ma sun tafi, aka bar shi a ƙofar shago da Auta, da wayarsa mai maɓallai a cinya. Tsohon mai hoto ya ajiye kyamarar a kan benci, ya shiga ciki ɗebo masa ruwa.

'Yan layi kuwa ba su tafi ba.

"Ashe dai Dattijo ne mai hoton," in ji mai aski. "Kai yawon tanka ka je."

"Talatin da biyar nawa ne, nasa ɗaya!"

"Ni fa ban ma yarda akwai kowa a ciki ba," in ji mai faci. "Mutum arba'in da ɗaya a wannan gwangwanin? Da kujera?"

"Suna ciki!"

"Mu gani a ƙasa."

"Kai, a bari a wanke tukuna," in ji Baba.

Amma Allah ya yi wa Na-Iya baiwa ɗaya ta gaskiya, ba abin da bai iya buɗewa ba. Mayarwa ce take ba shi wuya. Kafin Baba ya rufe baki ya lalubo sakatar, bayan kyamara ya buɗe, ya kama fim ɗin ya zaro shi tsaf, tsawon hannu biyu, ya ɗaga shi sama ya saita da rana yadda kowa zai gani.

"Ga su nan! Ku matso ku bambance aikin gwani da na tsoho!"

Aka matso. Aka ɗaga kai. Dogon ƙyalle ne mai ruwan toka, fayau daga farko har ƙarshe.

"Ina Baba?" in ji mai aski.

"Yana nan. Bai nuna ba ne tukuna. Bari ya ƙara shan rana."

Ƙarar faɗuwar kofi ce ta sa aka waiga. Tsohon mai hoto na tsaye a bakin ƙofa, ruwa na bin ƙafarsa, baki buɗe.

"Me ka yi?"

"Nuna musu nake."

"Fim ba ya ganin haske sai an wanke shi a ɗakin duhu! Rana ta cinye su! Duka!"

"Har da Baba?" Auta ta tambaya, hannu a ka.

"Da shi aka fara. Shi ne a bakin ƙofa."

Na-Iya ya dunƙule fim ɗin da sauri ya cusa a hularsa, ya danne ta a ƙirji. "To ga duhu nan. A ba shi minti biyar ya huce."

"Ba zazzaɓi yake yi ba, ɗana. Ya mutu."

"Akwai wani fim ɗin?"

"Shekara shida ina ajiyar wannan a bayan robar ruwa."

Baba ya daɗe yana kallon hanyar da motocin suka bi. Sannan ya ɗauki wayarsa ya miƙa wa Auta.

"Kira min Yayarku." Da ta fara ƙara ya nuna Na-Iya da sanda. "Ba shi. Ko ta juyo ta rasa jirgi, ko ta wuce in rasa hoto. Da bakinka za ka gaya mata ta zaɓa."

Na-Iya ya karɓi wayar da hannu biyu kamar garwashi. Irin tsohuwar wayar nan ce da in ana magana a cikinta har maƙwabta sai sun sa baki. Ya gyara murya.

"Yaya? Kun yi nisa? Madalla, madalla. A'a, lafiya ƙalau, Baba na nan garau, shi ɗaya. Dama albishir zan yi miki. Wancan na ɗazu gwaji ne, kuma kun ci, kowa ya yaba. Yanzu ne za a ɗauki na gaskiyan."

Ana jin ƙarar injin motar daga can.

"Ba Auta wayar," in ji Yaya. Auta ta gaya mata abin da ya faru a cikin kalma bakwai. Sai duk layin ya ji muryar Yaya a sanyaye, irin sanyin da take yi kafin ta soka allura.

"Direba, juya. Na sani, jirgin ya daɗe bai tafi ba. Yi wa na bayanmu fitila su ma su juyo, kowa yana da rabo a ciki. A'a, ba hoto za mu koma ɗauka ba."

Na-Iya ya dubi saman layi, ya dubi ƙasan layi, ya fara zare takalmin da ya rage masa. Mai aski ya kama shi ta dama, mai faci ta hagu.

A karo na farko tun safe Baba ya yi murmushi, har dasashi ya fito. Ya gyara zama a kujera ya juya wajen tsohon mai hoto.

"Malam, ɗauko ta fasfon nan taka ka shirya, ga su nan dawowa su duka. Ka fara da ni da 'ya'yana. In an gama kuma kada ka ajiye ta, abin da zai biyo baya ma ina son kwafi biyu."